Tsoron Gobe: Darasin Annabi Yusuf (AS) Ga Uwargida

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa a lokacin da Ya so, gwargwadon yadda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammad (SAW), da iyalansa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



A 'yan shekarun nan akwai wata hira da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. A gidan suna ita ce, a gidan biki ita ce, a layin awo ma ita ce: tsadar mai, da ambaliya, da rashin wuta. Sai ki ji an yi shiru, can wata ta nisa ta ce, “Anya kuwa rayuwar nan za ta ɗore a haka?” Wata ta ce ai duniya ce ta zo ƙarshe. Wata kuma ta ce a bar zancen, wanda Ya tsaga baki ba Ya hana shi abin sawa. To a kan wannan tsoro nake son mu yi wa juna nasiha a wannan fitowa: daga ina ya taso, kuma me Musulunci ya ce mu yi da shi?

Igiyar da muka rataya a jikinta

'Yar'uwa, ki ɗan zauna ki lissafa yininki tun daga asuba. Ruwan da mai garuwa ya kawo miki daga burtsatse yake, kuma idan babu wuta da janareto aka jawo shi. Gasarar kokon yara injin niƙa ne ya markaɗa ta, shi ma mai yake sha. Maigida zai hau bas daga Samaru ya bi ta Kwangila ya shiga Sabon Gari, yara su hau Keke Napep zuwa makaranta. Tumatir da attaruhun da kika aika aka sayo, injin ban-ruwa ne ya shayar da su a fadama, mota ta kawo su kasuwa. Manja da garin kwaki daga Kudu suka taso a bayan tirela. Hatta takin zamanin nan na yuriya da ake zuba wa masara, da iskar gas ake yin sa. Kin ga ke nan tun daga randarki har tukunyarki, igiya ɗaya ce ta riƙe su, wato mai.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka taɓa igiyar nan. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Wacce a cikinmu take da mota? Kaɗan ne. Amma wacce ce abin bai shiga kicin ɗinta ba? Babu. Tiyar masara ta tashi, kuɗin niƙa ya tashi, jarkar ruwa ta tashi, gas ya gagari da yawa aka koma gawayi, gawayin ma ya ce bai san zance ba.

Idan ruwa ya haɗu da mai

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda masifa a wani gari mai nisa take iso mu har ɗaki. A shekarar 2022 an yi ambaliyar da ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Oktoba na shekarar ruwa ya shafe babbar hanya a yankin Lokoja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Tankokin mai da tirelolin kaya da suka taso daga Kudu suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, gidajen mai a Abuja da sauran garuruwan Arewa suka cika da layi, 'yan bumburutu suka samu kasuwa. Ruwan bai shigo Hayin Dogo ko Muchiya ba, amma ya taɓa kuɗin cefanensu. Kuma an taɓa yin irin haka a wannan hanyar a 2012.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwan Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har asibiti da kasuwa. A ƙarshen Mayu 2025 ruwa ya auka wa garin Mokwa a Jihar Neja da asuba, aka rasa rayuka fiye da 150. A Oktoba 2024 kuma manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta yi sama da mako guda a cikin duhu. Masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya sun san abin da suka gani, jarin wasu a cikin firij ya narke.

Saboda haka wadda ta ji tsoro ba ta yi hauka ba. Idonta ne ya gane mata gaskiya.

Yaya aka yi muka zo nan?

Ku tambayi iyayenmu da kakanninmu, ƙasar nan ba da mai ta tashi ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta kafu a gefen tasha, ana lodin auduga da gyaɗa da fata ana kai wa bakin teku. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kano kuwa dalar gyaɗa ce alamarta. A wancan zamani gidan manomi bai cika gida ba sai da rumbu, kuma abin kunya ne a ga ƙasan rumbun magidanci kafin sabon hatsi ya shigo. Mutanen da sun sha wuya ne suka koyi haka. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe mutane masu yawan gaske a ƙasar Hausa, labarinta ya daɗe a bakin tsofaffi.

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. A farkon shekarun 1970 abubuwa suka haɗu: fari ya auka wa Arewa, ya kai maƙura a 1973, a shekarar kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, kuɗi suka kwararo. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki, dalar gyaɗa ta zama labari. Matasa suka bar fartanya suka nufi birni, muka saba da shinkafar waje da fulawa. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, iyayenmu suka koma bin layin sabulu da madara. Daga nan rumbu ya yi ta ɓacewa daga gidajenmu, aka koma awon tiya-tiya, kullum sai an je kasuwa kafin a ɗora tukunya. Gidan da ba shi da abincin kwana uku kuwa, duk abin da ya tsayar da mota ya tsayar da cikinsa.

Azaba ce ko jarrabawa?

Kafin mu ci gaba, akwai wata magana da nake roƙon mu kiyaye harsunanmu daga gare ta. Da zarar an ji ambaliya a wani gari sai ki ji an ce, “Ai zunubansu ne.” Wa ya ba mu wannan labari? Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya lissafa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya faɗa wa a cikin shahidai. Kuma a zamanin Sayyidina Umar (RA), shekara ta 18 bayan Hijira, an yi farin da ake kira Shekarar Toka, alhali garin Madina cike yake da manyan sahabbai. Masifa takan zama kankarar zunubi ga wani, ɗaukakar daraja ga wani, gargaɗi ga wanda ya ji labari. Namu shi ne mu duba kanmu, mu tuba, mu tausaya.

Haka nan Allah Ya sanar da mu a cikin Suratur Rum cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa tana da alaƙa da abin da hannayen mutane suka aikata. Wannan ya haɗa da saɓon da muka sani, ya kuma haɗa da ledar da muke turawa yara su zuba a kwalbati, da ginin da ake yi a kan hanyar ruwa a gefen Kubanni, da itatuwan da ake sarewa ba a dasa wasu ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Idan muka toshe masa da shara, ta tsakar gidanmu zai bi.

Ita kuma mai cewa duniya ce ta zo ƙarshe don haka a naɗe hannu, sai mu tuna mata cewa sanin ranar tashin Alƙiyama na Allah ne Shi kaɗai. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda Alƙiyama ta riska da dashen dabino a hannunsa, in dai zai iya, to ya dasa shi. In har a wannan rana ba a yarda a yar da dashe ba, ina ga yau?

Abin da Annabi Yusuf (AS) ya yi da mafarkin tsoro

Duk mun karanta Suratu Yusuf a Islamiyya, amma sau da yawa mukan tsaya a kan rijiya da kurkuku, mu wuce wajen rumbu da sauri. Sarkin Masar ya yi mafarki mai firgitarwa: shanu bakwai ramammu suna cinye bakwai masu ƙiba, ga zangarniya bakwai ɗanyu ga wasu busassu. Annabi Yusuf (AS) ya fassara cewa shekara bakwai na wadata za su zo, bakwai na tsanani su biyo baya. Ku lura, bai tsaya a fassara ba. Nan take ya ba da shawara guda uku: a dage da noma babu fashi, a bar hatsin a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a ajiye saura. Sannan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya ambaci siffofi biyu da aikin yake bukata, wato tsaron amana da sani.

Annabi ne, ɗan Annabi, jikan Annabi. Babu wanda ya kai shi dogaro ga Allah a zamaninsa, amma ga shi da lissafin shekara goma sha huɗu. Kuma da yunwar ta zo, tanadin bai tsaya a Masar ba, har 'yan'uwansa da suka jefa shi rijiya sun zo sun auna.

Shugabanmu (SAW) ma haka ya koyar. Tirmizi ya ruwaito cewa ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Bukhari kuma ya ruwaito cewa yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda. Don haka tanadi ba raunin imani ba ne, sunna ce. Bahaushe ma ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To 'yar'uwa, a gidanki ke ce a kan taska. Manzon Allah (SAW) ya gaya mana mace mai kiwo ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta abin da aka ba ta kiwo. Maigida ya kawo, amma ke kika san nawa ya shigo, nawa aka ci, nawa aka zubar.

Me za mu iya yi?

Na san wata za ta ce, “Malama, wanda bai ƙoshi yau ba, me zai ajiye wa gobe?” Gaskiya ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Amma ga wasu matakai, kowa ta ɗauki wanda ya yi daidai da ƙarfinta:

1. Ki dawo da rumbu, ko da a bokiti ne. Duk ranar da za ki auna na tuwo, ki ɗebe cikin tafin hannu ɗaya ki zuba a wani mazubi mai murfi. Iyayenmu sun yi haka, kuma sau da yawa shi ya fitar da su kunya ranar da baƙo ya sauka ko maigida ya dawo hannu rabbana.

2. Mu juya adashinmu ya koma na hatsi a lokacin kaka. Maimakon kowane kwasa ya tafi a anko da kayan ɗaki, mata goma za su iya haɗa kuɗi a Nuwamba ko Disamba, a tura amintacce ya sayo buhuna a kasuwar Giwa ko wata kasuwar ƙauye, a raba. Abin da aka saya da kaka ba daidai yake da na watan Yuli ba.

3. Mu koyi ajiya mai kyau. Wake da masara su bushe sarai kafin a ɗaure. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Jarka mai tsabta da aka cika aka toshe bakinta ita ma tana yi. Don Allah mu guji zuba wa abinci maganin ƙwarin gona, guba ce. Mu kuma dawo da kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kuka da daddawa, waɗanda ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke.

4. Mu shuka wani abu. Zogale a bayan ɗaki, alayyafo da yakuwa a tsohon buhu, kaji biyu ko akuya. Abin mamaki, ingantaccen irin da manoman ƙasar nan ke nema, irin su SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa, daga Samaru suka samo sunansu. Ilimin yana ƙofar gidanmu, mu tura mazajenmu da 'ya'yanmu su tambaya.

5. Mu rage dogaro ga makamashi ɗaya. Mai gas ta ajiye murhun gawayi, a jiƙa wake kafin a ɗora, a rufe tukunya, a kashe wuta da an gama. Wadda Allah Ya hore wa, ƙaramar fitilar sola ta fi sabon leshi amfani. Rijiyar gidan da aka yi watsi da ita a yashe ta a yi mata murfi, a tari ruwan sama, a tafasa na sha, musamman da damina lokacin amai da gudawa.

6. Kafin damina a yashe kwata, a hana yara zuba shara a magudana. Takardun makaranta, na gida da na asibiti a haɗa su a leda ɗaya a ɗora a sama. Idan hukuma ta yi gargaɗin ambaliya a rediyo, a saurara. Sayyidina Umar (RA) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, ya bayyana cewa barin wurin haɗari ma cikin ƙaddarar Allah yake.

7. Kada tsoron tsada ya sa a ɓoye fetur a ɗakin kwana ko kusa da kicin. Mu kuma ja kunnen 'ya'yanmu maza: in tanka ta faɗi, a guje ta. A garin Majiya na Jihar Jigawa, a Oktoba 2024, sama da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar mai, akasarinsu matasa. Uwa ce kawai ta san zafin wannan.

Tanadi daban, ɓoye kaya daban

A nan sai mu yi hattara. Ajiye abincin iyali halal ne. Amma saye kayan abinci a lokacin ƙunci a ƙulle a sito ana jiran su yi tsada, wannan shi ne ihtikari, kuma Muslim ya ruwaito cewa mai yin sa mai saɓo ne. Wadda mijinta ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ta tuna masa cikin ladabi. Ribar da aka samu da hawayen marayu ba ta yin albarka. Haka manomi, a tuna masa zakkar hatsi idan ya kai nisabi: ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa.

Rumbun da ruwa ba ya ci

Duk da haka, 'yan'uwa, buhu yana ƙarewa, ruwa ma yana iya tafiya da shi. Mutanen Maiduguri da suka fito da kayan jikinsu kawai, jama'a ce ta karɓe su: dangi, maƙwabta, da bayin Allah da suka yi ta dafa abinci suna kai wa. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah (SAW) ba, dabino da ruwa ne abincinsu, sai kuma madarar da maƙwabtansu Ansar suke aiko musu. Gidan da ya fi kowane gida daraja ke nan, kuma maƙwabtaka ce ta tallafe shi.

Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa saboda wata ɗabi'a tasu: idan abincinsu ya yi ƙaranci sai su tattaro abin da kowa yake da shi a mayafi ɗaya, su raba daidai da mazubi ɗaya. Ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Ya kuma umarci Abu Zarrin (RA) ya ƙara wa miyarsa ruwa don ya samu na ba maƙwabci. To mu yanzu mun ja katanga, mun sa get, wata shekara biyu ba ta san sunan matar da ke bayan gidanta ba. Kowane reshe na ƙungiya da kowane ajin matan aure a Islamiyya ya kamata ya san zawarawa da marayu da tsofaffin unguwarsa, ya kafa ɗan asusu ko da na tiya ɗaya a wata ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai kuma zaman aure. Tsadar nan ta girgiza gidaje da dama, an yi saki a kan kuɗin cefane, an cire yara mata daga makaranta an ɗora musu talla. 'Yar'uwa, idan maigida yana iya ƙoƙarinsa, kada ki haɗa masa zafi biyu, na waje da na gida. Ku zauna ku yi lissafi tare, ku san me za a rage. A rage anko, a rage gasar biki, amma kada a fara da karatun yara. Mazajenmu kuma da wannan mujalla za ta faɗa hannunsu, ku ji tsoron Allah, ciyarwa wajibinku ce. Wanda ya fice tun asuba ya bar mace da yara babu ko ƙwayar hatsi, alhali yana da na shayi da tsire, ya sani akwai ranar tambaya.

Shugabanni ma suna da nasu. Sayyidina Umar (RA) a Shekarar Toka ya haramta wa kansa man shanu har jikinsa ya sauya, ya rubuta wa gwamnoninsa aka turo abinci daga Sham, ya fita roƙon ruwa da jama'a. Gyaran madatsun ruwa da hanyoyi da tallafa wa noma haƙƙinmu ne a kansu, mu nema ta hanyar da ta dace, mu kuma tuna da shi ranar zaɓe.

A ƙarshe, mu riƙe istigfari. Annabi Nuhu (AS) ya shaida wa mutanensa cewa neman gafara yana jawo ruwan albarka da dukiya da 'ya'ya. Mu riƙe azkar na safe da yamma, mu koya wa yaranmu godiya a kan lomar da suka samu, mu daina zubar da ragowar tuwo. Wanda Ya ciyar da kakanninmu tun ba a san fetur ba, Shi ne Mai ciyar da jikokinmu ko bayan fetur. Namu shi ne mu ɗaure raƙumarmu, mu leƙa maƙwabciya, sannan mu kwanta da zuciya natsattsiya.

Ya Allah Ka jiƙan waɗanda suka rasu a ambaliya da gobara, Ka mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Ya Allah Ka ba mu damina mai albarka, Ka sauƙaƙa mana tsadar rayuwa, Ka rufa wa mazajenmu asiri, Ka shirya mana zuriya, Ka ba shugabanninmu tausayin talakawa. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.